Tiyatar kare da kyanwa: cututtukan da ake warkarwa da aiki, da abin da jinkiri ke jawowa

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, kare da kyanwa suna da aikinsu a gidajenmu. Kare na gadin gida da garke, yana bin mafarauta daji. Kyanwa, wadda wasu ke ce ma mage ko mussa, ita ke tsare rumbu da shago daga ɓarnar ɓera. Amma in ciwo ya kama su, sai a ga bambanci. Sa ko rago ya kwanta, nan da nan an kira likitan dabbobi, domin kuɗi ne a tsaye. Kare kuwa sai a ce a ƙyale shi, zai ci ciyawa ya miƙe. Da yawa cikinmu ma ba su san ana yi wa kare da kyanwa aikin tiyata ba, balle su san akwai cututtukan da babu maganinsu sai aikin.

Mun duba manyan cututtukan da ke kai waɗannan dabbobi teburin likita, da yadda sakamakon yake kasancewa. A kusan dukkansu magana guda ce ke dawowa: ranar da aka kai dabbar ita ke yanke hukunci.

Shin allurar barci na kashewa?

Tsoron farko da mai dabba ke kawowa ke nan. Akwai wani babban bincike da aka yi a Ingila, aka buga shi a 2008, wanda ya bi sawun karnuka wajen 98,000 da kyanwoyi wajen 79,000 da aka yi wa allurar barci. Cikin karnuka masu ƙoshin lafiya, 1 cikin wajen 1,850 ne ya mutu. Cikin kyanwoyi masu lafiya, 1 cikin wajen 900. Amma cikin waɗanda aka kawo ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu, mutuwar ta kai 1 cikin 75 ga karnuka, 1 cikin 71 ga kyanwoyi.

Asibitocin Ingila sun fi namu kayan aiki, wannan gaskiya ne. Abin lura a nan shi ne tazarar da ke tsakanin lambobin. Allura iri ɗaya, likitoci iri ɗaya, amma haɗarin ya ninka fiye da sau 20 ga karen da aka bari ya galabaita. Dabbar da ta kwana uku tana amai, jikinta ya bushe, jininta ya gurɓace, zuciyarta da ƙodarta ba sa iya ɗaukar abin da lafiyayyiya ke ɗauka cikin sauƙi.

Masu karnukan farauta su ƙara da wannan: kare siriri marar kitse, irin na Azawak da aka sani a arewacin Tawa, wasu magungunan barci kan daɗe a jikinshi kafin ya farka. Shi ya sa likita ke auna nauyin dabba kafin ya ja allura, ba a yin ta da ka.

Mahaifar da ta cika da mugunya

Wannan ciwo na karya ne da kyanwa mace waɗanda ba a cire wa mahaifa ba, kuma ya fi kama wadda ta manyanta. Karya na shiga lokacin barbara sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Bayan kowane lokaci, ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba, jikinta na yin wajen wata 2 yana shirya mahaifa kamar akwai ciki: bangon mahaifa ya yi kauri, bakinta ya rufe, ruwa ya taru. In ƙwayoyin cuta suka samu shiga, galibi irin waɗanda ke cikin kashi, sai su tarar da wurin zama. Mahaifar da kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba sai ta kumbura ta kai damtsen hannu, cike da mugunya. Bincike a ƙasar Suwidin ya nuna kusan 1 cikin 4 ko 5 na karnuka mata da ba a yi wa aiki ba suna gamuwa da shi kafin su cika shekara 10.

Alamomin kan fito sati 4 zuwa 8 bayan barbara. Karya ta daina cin abinci, ta kwanta, tana shan ruwa fiye da kima, tana yawan fitsari, wani lokaci da amai. In bakin mahaifa a buɗe yake, za a ga ruwa mai wari, ja-ja ko fari-fari, yana fita ta bayanta. In a rufe yake, ba a ganin komai sai ciki da ya kumbura, har a ɗauka ciki ne gare ta. Wannan na biyun ya fi haɗari, don mugunyar ba ta da mafita. Gubarta na shiga jini ta taɓa ƙoda, ko mahaifar ta fashe a cikin ciki.

Maganin da ya fi tabbas shi ne aiki. Likita ya yi mata ƙarin ruwa, ya ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya buɗe ciki, ya ɗaure jijiyoyin jini, ya fidda mahaifar gaba ɗaya tare da gidan ƙwai ba tare da ta fashe ba. Fiye da 90 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin suna tashi, da yawa ma kwana 2 ko 3 sun koma cin abinci. Waɗanda ake rasawa galibi su ne waɗanda mahaifar ta riga ta fashe ko gubar ta gama jiki. Ƙwayoyi da allurai kaɗai kan kwantar da ciwon na ɗan lokaci, amma sau da yawa yana dawowa bayan barbara ta gaba.

A nan akwai gargaɗi. In wani ya ba ku shawarar a yi wa karya ko kyanwa allurar tsarin iyali irin ta mata don kada ta haihu, kada ku yarda. Sinadarin da ke cikin allurar irin wanda ke sa mahaifar dabba ta yi kauri ta tara ruwa ne. Yana ƙara haɗarin wannan ciwo, yana ƙara haɗarin ƙullutun nono, kuma in dabbar ta riga ta ɗauki ciki yana iya hana ta naƙuda, ɗiyan su mutu a ciki. Wanda ba ya son haihuwa ya nemi a cire mahaifar tun dabbar na da lafiya. Aiki ne guda, an gama har abada.

Ƙullutu a nono

Karya na da nono galibi 10, kyanwa 8. In shekaru suka ja, akan ji wani ɗan ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin fata kusa da kan nono. A karya, wajen rabin irin waɗannan ƙullutai ciwon daji ne, sauran rabin ba sa yaɗuwa. A kyanwa lamarin ya fi muni: kashi 80 zuwa 90 cikin 100 ciwon daji ne, kuma yana saurin kai wa huhu.

Hannu ba ya iya bambance mai kyau da mugu, shi ya sa likitoci ke cewa a cire shi tun yana ƙarami. Girman ƙullutu ranar aiki shi ne ya fi nuna abin da zai biyo baya. Binciken da aka yi kan kyanwoyi a Amurka ya nuna waɗanda aka yi wa aiki ƙullutun bai kai santimita 2 ba, wato bai wuce ƙwayar gyaɗa ko ɗan dabino ba, sun kan ƙara shekara 3 ko fiye. Waɗanda aka bari ya wuce santimita 3, yawancinsu ƴan watanni suka ƙara. Santimita guda ce tsakani, amma kun ga abin da ta raba.

A kyanwa, likita kan cire layin nonon ɓangaren gaba ɗaya, daga hammata zuwa mara, don ciwon na bin layin. Ɗinkin na da tsawo, yana ba mai dabba tsoro, amma yana warkewa. In aka jira sai ƙullutu ya fashe, yana wari, ƙuda na binshi, aikin na iya rage mata wahala kawai, warkarwa ta riga ta wuce.

Nan ma rigakafi ya fi magani. Kyanwar da aka cire wa mahaifa da gidan ƙwai kafin ta cika wata 6, haɗarin ciwon dajin nono na raguwa gare ta da wajen kashi 90 cikin 100. Ga karya ma, yin aikin tun tana ƙarama na rage haɗarin sosai.

Ba kowane kumburi ake yankewa ba

Akwai wani tsiro da muke gani a al'aurar karnukan da ke yawo a gari, maza da mata: jan nama mai gudaji-gudaji, mai saurin zubar da jini. Ciwon daji ne, amma irin na mamaki, domin ɗaukarshi ake yi. Ƙwayoyin tsiron da kansu ke tashi daga jikin wannan kare su manne a jikin wancan lokacin barbara. Masu bincike na jami'ar Kambirij sun gano cewa duk tsiron da ke jikin karnukan duniya yau ya samo asali daga kare guda da ya rayu dubban shekaru da suka wuce. Ba ya kama mutum.

Wanda ya ga wannan tsiro, abin da zai fara zo mishi a rai shi ne a yanke. To amma in aka yanke, sau da yawa yana sake tsirowa, don saiwarshi na shiga wurin da wuƙa ba ta kaiwa. Maganinshi wata allura ce mai suna vincristine, da ake yi ta jijiya sau ɗaya a sati, sati 4 zuwa 6. Fiye da 90 cikin 100 suna warkewa sarai. Allurar na ƙone nama in ta zuba gefen jijiya, don haka aikin likita ce shi kaɗai. Kuma a tsare karen a gida har ya warke, kada ya ci gaba da rabawa.

Abin da ya toshe hanji, da abin da ya yi kama da shi

Kare na haɗiye ƙashi, ƙwallon mangwaro, totuwar masara, leda, tsumma. Kyanwa ta fi haɗiye zare ko igiya. In abin ya tsaya a hanji, dabbar na amai duk abin da ta ci ko ta sha, ba ta kashi, cikinta na ciwo. A kwanakin farko aikin ba shi da wuya: a tsaga hanji, a fidda abin, a ɗinke, kuma mafi yawa suna warkewa. In aka daɗe, wurin da abin ya danne na mutuwa, sai an yanke wani yanki na hanjin an haɗa bakin biyu. In hanjin ya huje, kashi ya zuba cikin ciki, to, nan kam ko a manyan asibitoci ana rasa da yawa. Kuma in kuka ga zare ya leƙo ta bakin kyanwa ko ta bayanta, kada ku ja. Zaren na iya zama ya naɗe hanji, jan shi na yanka hanjin kamar wuƙa.

Sai wata magana da ta shafi ranmu mu da kanmu. Karen da ke dalalar da miyau, bakinshi a sake, ya kasa haɗiya, kamar ƙashi ya maƙale mishi a wuya, yana iya zama ciwon haukan kare ne ke damunshi. Ba kowane mahaukacin kare ke gudu yana cizo ba, wani shanyewa yake yi shiru. Kada kowa ya sa hannu bakinshi da sunan ciro ƙashi, musamman yara. A kulle shi, a kira likitan dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon na kashe mutane wajen 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar kare, kuma da zarar alamu sun bayyana ga mutum babu magani. Wanda aka ciza, ko miyau ya taɓa mishi rauni, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, sannan ya wuce asibiti ranar nan don allurar rigakafi.

Muzurun da ya kasa fitsari

Hanyar fitsarin muzuru siririya ce ƙwarai, ɗan tsakuwa ko majina kaɗan na toshe ta. Za a ga yana ta zuwa wurin rairayi, yana tsugunawa, yana nishi, yana kuka, yana lasar gabanshi, ba abin da ke fita ko sai ɗigo mai jini. Da yawa kan ɗauka kashi ne ya ƙi fita. In aka taɓa mararshi a hankali za a ji mafitsara ta yi tauri kamar lemu. Kada a matsa, tana iya fashewa. Bayan kwana 1 ko 2, dattin da ƙoda ya kamata ta fitar na taruwa a jini har ya taɓa bugun zuciya, cikin ƴan kwanaki muzurun ya mutu. In an kai shi a kan lokaci, likita na sa mishi barci, ya zura siririyar roba ya buɗe hanyar, ya wanke mafitsara, ya yi ƙarin ruwa. Fiye da 90 cikin 100 suna fita da ransu. Wanda abin ke yawan dawo mishi, akwai aikin faɗaɗa hanyar.

Naƙuda da karaya

Karya da kyanwa na ɗaukar ciki wajen kwana 63. Yawanci suna haihuwa da kansu. Amma in uwa ta yi rabin awa tana yunƙuri mai ƙarfi ba ɗa, ko awa 3 zuwa 4 sun wuce tsakanin ɗa da ɗa alhali akwai saura a ciki, ko koren ruwa ya fito kafin ɗan farko, to lokacin neman likita ya yi. Ana yi musu fiɗa a ciro ɗiyan kamar yadda ake yi wa mata. In an yi da wuri, uwa da yawancin ɗiyan na rayuwa. In an kwana, ɗiyan sun mutu, aikin ya koma na ceton uwa, wani lokaci har da cire mahaifar.

Karaya kuwa, mota da babur ne suka fi kawo ta, sai tarko da faɗan daji. Karayar ƙasan gwiwa wadda ƙashi bai fito ba na iya ɗoruwa da ɗauri mai kyau, musamman ga ƙaramin kare. Ta cinya kan buƙaci ƙarfe a ciki. Ɗaurin da aka matse da yawa na tsare jini, ƙafa ta ruɓe a ƙarƙashin tsumma ba a sani ba, don haka a riƙa duba yatsun kullum: in sun kumbura, sun yi sanyi ko suna wari, a kwance. In ƙafa ta lalace, yanke ta na ceton rai. Kare da kyanwa na tafiya da ƙafa 3, har da gudu, cikin ƴan satuttuka.

Rabin aikin a gida yake

Kafin aiki, likita zai ce a hana dabba abinci na wasu awoyi don kada ta yi amai cikin barci ya shiga huhu. A bi abin da ya faɗa, kuma a gaya mishi duk maganin da aka riga aka ba ta, ko na gargajiya ne.

Bayan aiki, a aje ta a inuwa, wuri mai tsabta, da ruwan sha kusa, musamman a watannin zafi. A tsare ta, ba yawo, ba farauta, har a kwance zare bayan kwana 10 zuwa 14. Babban maƙiyin ɗinki shi ne harshen dabbar da haƙoranta. Ana iya yanka gindin ƙaramin bokitin roba ko a naɗa kwali a sa mata a wuya ya zarce baki, ko a sa mata tsohuwar riga mai tsabta ta rufe ciki. Maƙiyi na biyu ƙuda ne, don yana yin ƙwai a rauni, kwana guda tsutsa ta fito. A duba ɗinkin safe da yamma. Kada a shafa baƙin mai, ko toka, ko garin batir. In wurin ya buɗe, yana ruwa, ko dabbar ta ƙi ci fiye da kwana 2, a koma wurin likita.

Kuma don Allah kada a ba su maganin ciwon jiki na mutane. Ƙwayar parasitamol guda na iya kashe kyanwa, don hantarta ba ta iya sarrafa shi: fuskarta ta kumbura, dasashinta ya yi duhu, numfashi ya gagara. Ibuprofen da diklofenak na huda cikin kare su lalata mishi ƙoda. Akwai maganin zafi na dabbobi, likita zai rubuta.

Ina za a je?

A manyan garuruwa akwai ofisoshin ma'aikatar kiwo da asibitocin dabbobi masu zaman kansu. A karkara akwai tsarin SVPP, wanda aka fara a yankin Dakoro, inda likitan dabbobi guda ke aiki tare da mataimakan kiwo da ke warwatse cikin ƙauyuka. Da yawa cikin likitocin dabbobinmu sun yi karatu a makarantar EISMV ta Dakar, inda ake koyar da tiyatar manya da ƙananan dabbobi. Mataimakin kiwo na iya wanke rauni, ya yi allura, ya kira likita, amma buɗe ciki aikin likita ne mai kayan da aka dafa aka tsabtace. In wurin da kuka je ba sa yi, ku tambaya a tura ku inda ake yi, ranar nan.

Mun san kuɗi na da wuya, kuma gidan da ke neman hatsin dare ba zai fara da kare ba. Amma a tambayi kuɗin aikin kafin a yanke ƙauna. Aikin da aka yi wa lafiyayyiyar karya ya fi araha bisa wanda za a yi mata cikin gaggawa da ƙarin ruwa da allurai na kwanaki. In kuma likita ya duba ya ce babu mafita, akwai allurar da ke sa dabba ta tafi cikin barci ba wahala, wadda ta fi a jefar da ita bayan gari ƙuda na cinta. Mun sha ji a wa'azi labarin matar da ta kulle kyanwa har yunwa ta kashe ta, da na mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa, da yadda kowannensu ya ƙare.

Abin da za mu iya yi tun yau ba ya cin ko dala. Sau ɗaya a wata, a shafa cikin karya ko kyanwa a ji ko akwai ƙullutu. A riƙe ranar da karya ta yi barbara, a sa mata ido wata 2 bayan nan. Dabbar da ta wuni ta kwana tana amai, ko muzurun da ya wuni ba fitsari, ko uwar da naƙuda ta tsaya mata, a kai su kafin rana ta sake faɗuwa. Sannan a yi wa kowane kare da kyanwa allurar rigakafin hauka, a aje katin, domin shi ne abin da likita zai fara tambaya kafin ya taɓa su.